Faifan Maidawa Mai Sauri

Maidawa bai taɓa noman kirki ba. Tun yana saurayi kunnensa ke ga goge da ƙwarya, ya riƙa bin wuraren wasan bori na ƙauyukan Kurfey da rakoda a rataye, yana ɗauka yana sayar da kaset. A shekarar da sojoji suka karɓi mulki, kaset ta fara mutuwa, sai ya sayi tsohuwar kwamfuta ya kafa rumfa a kasuwar Filingue, yana zuba wa mutane waƙoƙi a salula. Matarsa Salamatu ta rasu kafin a mayar da mulki ga farar hula, 'ya'yan kuma suka bi neman abinci kudu.

Kwamfutar akwai nawa. Faifan cikinta sai ya yi ta gurnani kafin waƙa ɗaya ta shiga, don haka mai saye dole ya zauna. Makiyaya, direbobi, tsoffin mata masu neman kiɗan iyayensu, duk a bencinsa suke jira, ana shayi ana labari.

Da faifan ya fara cijewa, Maidawa ya hau mota zuwa Yamai. Wani mai gyara, Kailu, ya ajiye masa faifai biyu na sabon yayi, marasa abin juyawa a ciki.

"Kawu, wannan ya fi ɗaukar kaya, kuma ya fi araha, amma saurinsa kadaran-kadahan. Wancan ƙarami ne, da tsada, sai dai kamar walƙiya."

"Wanne ka daɗewa?"

"Duk biyu. Ba su tsoron jijjiga."

Maidawa ya juya su a tafin hannu, ya ɗauki mai saurin. Ya gaji da ba mutane haƙuri.

Kailu bai yi ƙarya ba. Kafin mutum ya gama gaisuwa, salularsa ta cika. Ciniki ya ƙaru, amma kowa a tsaye yake karɓa ya wuce. Maidawa ya kan dafa shayi ya shanye shi kaɗai, ya koma gida ya tarar da tsakar gida shiru.

Wata ranar kasuwa wani tsohon makiyayi, Hammadu, ya miƙo salula. Aikin ya ƙare nan take, amma Maidawa ya ce, "Zauna, malam, da saura."

Hammadu ya leƙa fuskar kwamfutar, ya dubi Maidawa, ya jingine sandarsa ya zauna. Suka yi hirar shanu da tsadar gero har la'asar. Duk ranin nan haka suka yi, kowace kasuwa, babu wanda ya taɓa tayar da zancen.

Da damina ta faɗi, Hammadu ya yi arewa da dabbobinsa. Kaka ta zo, makiyaya suka dawo, ban da shi. Maidawa ya tambaya a Damana, ya aika Baleyara. Wasu suka ce ya zauna wajen 'yarsa, wasu suka ce ba su san shi ba.