Ruwan Da Bango Bai Sha Ba

Abu na farko da aka koya mana game da siminti shi ne yana jin ƙishirwa. Malaminmu na kayan gini, wani dogo mai yawan tsaki, shi ya faɗa mana tun a shekarar farko. Ya ce siminti ba bushewa ke sa shi ƙarfi ba, shan ruwa ne. In an zuba kankare yau, sai an yi ta ba shi ruwa safe da yamma har mako ya zagayo. In ba haka ba rana za ta zuƙe shi tun bai kama ba, ka gan shi a ido kamar na kirki, alhali cikinsa gari ne. Duk aji muka kwashe da dariya, don a Damagaram muke, inda famfo kan yi kwanaki ba ya fitar da komai sai iska. Wani daga kujerun baya ya kira shi da Faransanci yadda muka saba, ya ce, "Mushe, mu ma fa tun jiya ba mu sha ba." Malam bai ko murmusa ba.

Ni 'yar ƙauye ce daga wajen Guna, 'yar manomin gero da gyaɗa. Karatun tafiyar da aikin gini na shiga: yadda ake tsara shantiye, wato wurin da ake gini, a san me ke zuwa kafin me, wa zai yi wane aiki, wane kaya za a sauke yaushe. Babana bai taɓa gane abin da nake karantawa ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Injiniya za ta zama," ya kashe zancen. Amma ko a shekarar da gona ta ƙi, bai fasa ɗoro mini gero a motar kasuwa ba.

A shekarar ƙarshe dokar makarantarmu ɗaya ce. Sai ka je sitaj, ka yi watanni kana koyon aiki a hannun mai gini, shi kuma ya sa maka hannu cewa ka yi. In babu hannunsa ba za ka tsaya gaban malamai ka kare aikinka ba, in ba ka kare ba babu difilom. Wato duk wahalar da na sha, da wadda babana ya sha, tana rataye a bakin alƙalamin mutum guda.

Ni mutumin da na samu wani Alhaji ne ɗan kwangila, wanda aka ba ginin ajujuwa biyu a wani ƙauye can bayan Dogo. Na yi murna har da rawa a ɗaki, don a ƙauyen ne Inna, ƙanwar mahaifiyata, take aure. Ga wurin kwana, ga tuwo. 'Ya'yanta kuma a rumfar zana suke karatu, wadda sai an yi girbi ake kafa ta, iskar farkon damina ta kwashe. Na ce ashe da hannuna za a fitar da ƙannena daga rumfa.

Ranar farko Alhaji ya buɗe bayan motarsa ya miƙo mini hular kwano fara, sabuwa dal. Ya ce, "'Yata, wannan ta manya ce. Kar in ƙara ganin kanki babu ita." Na ɗora ta bisa ɗankwali, kaina ya yi girma har ya fi hular. Sai daga baya na gane abin da ake ciki. Masu ba da aikin sun sharɗanta lallai a samu mai ilimin gini tsaye a wurin kullum. Alhaji bai ga dalilin ɗaukar ma'aikaci ba, tunda ga ɗaliba ta kawo kanta. Shi kuwa sai jefi-jefi yake leƙowa, ya sauke gilashi rabi, ya ba da umarni, ya ɗage.

Bazara ce, irin wadda ƙarfe ba ya taɓuwa da rana. Rijiya ɗaya ce a garin, mai zurfin da sai an ɗaura wa shanu igiyar guga, ko mata su jeru su ja. A ƙa'idar aikin, kawo ruwa yana wuyan ɗan kwangila, motar ruwa ya kamata ta riƙa zuwa daga gari. Amma Alhaji ya riga ya je wurin maigari ya durƙusa ya ce ai ajujuwan na 'ya'yanku ne, gudummawarku ita ce ruwa. Maigari ya ce wannan ai ba komai ba ne, don ba shi ke jan igiya ba. Mata suka riƙa cika tano biyu, wato gangunan ƙarfe, da ke gindin bishiyar bedi, iyakar abin da za a yi kwaɓi ke nan. Na ban ruwa kuwa, ko ɗigo.

Na sami babban magini na yi masa magana. Ya goge gumi ya ce, "Mun sani, 'yar nan. A kawo ruwan mu zuba." Ba shi da laifi. Na jira motar Alhaji, na tsaya a bakin gilashi cikin rana na ce, "Alhaji, birkin nan ba ya samun ruwa. Kuma jibi za a zuba shenaj. A taimaka a turo motar ruwa."

Shenaj ita ce ɗamarar kankare da ƙarfe da ke zagaye bango ta sama, ita ke ɗaure ginin, kuma a kanta rufi ke hawa. In ita ta mutu, sauran duk kwalliya ce.

Ya dube ni ya yi dariya har da buga sitiyari. "'Yata, karatu ya yi miki yawa. Tun ba a haife ki ba nake gini. Wanne kika ji ya faɗi?"

Na so in ce ai ba ka komawa ka gani, amma na tuna alƙalaminsa, na haɗiye. Sanyin motarsa yana bugun fuskata ta ɗan wurin da ya buɗe, ga gorar ruwa mai raɓa a gefensa. Wallahi har yau in na tuna gorar nan sai zuciyata ta tafasa.

Da yamma na gwada Inna. Na ce ko za ta yi wa mata magana a ƙara tano ɗaya, na mako guda kawai. Tana tankaɗe, ta ajiye rariya, ta buɗe mini tafin hannunta biyu. Duk igiya ta cinye su, wani wurin ya yi kanta, wani wurin sabon ciwo.

"Bango?" ta ce. "Ke yanzu ki dubi hannun nan ki ce in ja ruwa in ba bango? Akuyata kwana take tana kuka, ƙannenki rabonsu da wankan kirki tun ranar kasuwa. Haba 'yar nan, wannan wane irin karatu ne aka yi miki?"

Gaskiyarta ce, ni ma gaskiyata ce, mai laifin kuma yana can gari ƙarƙashin fanka.

Aka zuba shenaj. Abin da nake da iko da shi a duniya a lokacin shi ne bokitin wankana, wanda Inna ke ware mini kullum don ni baƙuwa ce. Sai na riƙa ɗibar na alwala a buta, in ɗauki sauran in tafi shantiye. In jiƙa buhunan siminti da aka zazzage, in hau tsani, in shimfiɗa su a kan kankaren. Bokiti ɗaya ba ya isar ko'ina, don haka na zaɓi wuri guda, daidai saman ƙofar aji na farko, inda yara za su riƙa shiga da fita. Safe rabi, yamma rabi. Kafin a ce me, labari ya kai rijiya. In na wuce sai in ji ana cewa, "Ga mai yi wa bango wanka nan, ita kuwa tana tsami." Wata tsohuwa har ta ja Inna gefe ta ce a nema mini rubutu, ba lafiya ba. Ina jin su. Na ci gaba da hawa tsanina, ina tsamin.

Sai ga shi an ce masu kwantirol za su zo, wato waɗanda ke duba aiki kafin a yarda a ɗora rufi.

Da hantsi ranar muka ji gurnani daga hanya. Motar ruwa ce, ƙatuwa, cike taf, tana tafe tana yoyo. Ashe akwai ta! Ashe hanyar ma tana biyuwa! Aka ja tiyo aka wanke ginin nan daga sama har ƙasa. Birkin da ya yi fari fat ya koma baƙi-baƙi, wurin ya ɗauki ƙamshin ruwan farko. Ruwan da ya kamata ya sha tun yana ɗanye, yau da ya riga ya mutu ake ɗura masa. Da aka gama, Alhaji ya fito daga mota, karo na farko da na ga takalminsa a kan yashin wurin, ya ɗaga murya ya ce sauran ruwan sadaka ne, kowa ya kawo abin ɗiba. Gari ya ruɗe. Mata da bidon roba, da tulu, da tukunyar tuwo, ana guɗa, ana "Allah ya ƙara arziki, Alhaji, Allah ya kai ka Makka ka sake komawa." Inna ma tana cikin layi, tana dariya. Ni ina tsaye da farar hula.

Mai kwantirol ya iso, wani matashi mai gilashin ido. Ya zagaya, ya shafa bango, ya ce, "Ana dai ba shi ruwa yadda ya kamata ko?"

Alhaji ya nuna ni da baki. "Ga injiniyarmu nan, kullum tana wurin. Tambaye ta."

Na san abin da ake so in ce, kalma ɗaya ce. Na tuna babana da buhun gero. Amma ga 'ya'yan Inna can suna leƙe daga rumfa, su ne za su zauna ƙarƙashin abin nan. Na ce, "Mushe, yau ya fara sha." Na tsinci ƙusa a ƙasa, na hau tsani, na karci shenaj ɗin ta gefen taga. Ya zubo kamar an karci busasshen tuwo.

Mai kwantirol ya dubi garin da ya zuba a kan takalminsa, ya ce lallai za a duba wannan. Alhaji ya kama hannunsa ya ce rana ta yi, an gasa rago a gidan maigari. Suka tafi. Da suka dawo bakinsu na maiƙo, ba wanda ya sake duban tsanin.

Da la'asar Alhaji ya kira ni bakin mota. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya miƙo hannu kawai ya ce, "Hulata." Na cire na ba shi. Ya ce, "Ki gaida malamanki."

Na koma makaranta na zayyana wa malamin nan mai tsaki komai. Ya saurara har ƙarshe, ya ce abin da na yi shi ne daidai, kuma yana alfahari da ni. Sannan ya ce amma doka doka ce, ba sa hannu, ba kare aiki, sai baɗi. Ya ƙara da cewa, a hankali, da na bari an sa hannun tukuna. Shi da ya koya mini cewa siminti ba ya jira! Ban san lokacin da na yi masa irin tsakinsa na fita ba.

Na zauna a bayan zaure na kalli 'yan ajinmu suna kare aikinsu ɗaya bayan ɗaya, iyayensu na raba lemo. Wasunsu sitaj ɗin ma a gida suka yi shi, kawu ya sa hannu. Da na je na faɗa wa babana, sai ya ce, "To. Shekara ɗaya ce?" Na ce i. Ya tashi ya shiga rumbu ya duba abin da ya rage.

Da shekara ta zagayo na sake sitaj a cikin gari, wurin wata mata mai ƙaramin kamfani wadda ke hawa tsani da kanta. Na kare aikina, aka ba ni difilom. Na sa shi a leda, na kai wa babana ya riƙe shi a juye ya yi hamdala. Daga nan na wuce ƙauyen Inna, don ita ma ta sha wahalata.

Ta makaranta hanyar ta bi. An yi wa ajujuwan fenti ruwan ƙwai, daga nesa gwanin kyau. Da na matso na ga tsaga ta bi shenaj ɗin ta zagaye, ta gangaro ta kusurwar tagogi, har hannu yana shiga. An tokare rufin da itacen giginya, an sa wa ƙofofi kwaɗo. Damina ɗaya suka yi. Wuri guda ne bai tsage ba, daidai saman ƙofar aji na farko, tsawon abin da bokitina ya iya jiƙawa. Yara kuwa suna gefe cikin rumfar zana, an kafa ta a inuwar bangon.

Inna ta rungume ni, ta yi guɗa, ta shafa ledar. Ta kawo mini ruwa a kwanon sha. Sannan ta rage murya ta ce, "Kin dai ga ajin naki ko? Kar ki damu da maganar mutane, farkon koyo ne."

Na ce, "Ajin wa?"

"Ai haka ake ce masa, ajin injiniya. Ke aka gani kullum da hula." Ta gyara zama. "Shi dai bawan Allahn nan ba mu ƙara ganinsa ba. Mutumin kirki. Har yau in mata sun gaji a rijiya sai sun sa masa albarka, shi kaɗai ya taɓa kawo mana ruwa har ƙofar gida."