Agogon Mai na Motar Yaya

A layin garejin kaf Mai Agogo ake ce masa, alhali bai taɓa gyara agogon hannu ba. Nasa agogunan su ne na gaban direba a tsofaffin motocin soja: na mai, na zafin inji, na gudu, da makunnan da ke jere a ƙasansu. Masu sayen irin motocin nan a gwanjo sukan ciro allon agogunan ɗungurungum su kawo masa, duk tsatsa da yanar gizo. Sai ya ɗora tabarau a karan hanci, ya buɗe gilashi, ya miƙe allura da hantsaki, ya sake zana lambobi da ɗan siririn burushi. Taurin kansa a kan abu guda ne: komai sai ya koma yadda ya fito daga kamfani. Ka ce masa a bar makunni kaza tunda yana aiki, sai ya dube ka kamar ka zagi iyayensa.

Mutum ɗaya ne a duniya ke kiransa Auta, wato Yayansa. Yaya tsohon direban soja ne, shi ya riƙe shi bayan rasuwar iyayensu, shi ya kai shi koyon sana'a. Da ya bar aiki ya sayi irin motar da ya tuƙa, ya yi ta dakon katako har ƙafa ta ƙi. Yanzu tana ajiye a bayan gidansa a kan duwatsu, ba taya.

Allon motar nan kuwa abin kunya ne ga ƙanen da ke wannan sana'a. Makunnin fitila ya karye, Yaya ya cusa lanƙwasasshiyar ƙusa. Na waifa mai share gilashi ya mai da shi hagu saboda ciwon hannun dama. Allurar agogon mai ba ta tashi sai an ƙwanƙwasa gilashin. Shekara da shekaru Yaya na ƙwanƙwasawa yana cewa, "Auta, kai dai mai gyaran na mutane ne. Wannan sai na mutu?" Shi kuma ya ce, "Gobe, Yaya." Su yi dariya.

Sai mantuwa ta kama Yaya. Ta cinye sunan 'yarsa da ke jinyarsa, ta cinye hanyar ɗakinsa. Mai Agogo ya shiga gaishe shi, Yaya ya gyara zama ya ce, "Sannu da zuwa, Malam," kamar baƙo. Amma in an tallafe shi an ɗora a kujerar direba, hannun hagu ya bi makunnan, ya murɗa makulli, ya ƙwanƙwasa gilashi, sai ka ji, "Auta, wannan sai na mutu?" Don wannan kalmar kaɗai Mai Agogo ke rufe shago duk ƙarshen mako, ya ɗauko batir a kafaɗa ya zo ya jona wa motar. Nan ne kawai yake da ɗan'uwa.

Wata rana maganar ta daina yi masa kama da wasa. Ya dubi wuyan Yaya yadda ya rame. Ashe mutumin nan zai tafi ban cika masa alkawari ba? Ya ɗauko sukuddireba.

'Yar ta ce, "Baffa, a bar masa haka mana."

"Ke me kika sani a aikin nan?"

Wallahi bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba. Ya wanke cikin agogon mai har allurar ta zama da an kunna sai ta miƙe. Ya jefar da ƙusar, ya sa makunni na asali. Ya mai da na waifa dama, inda kamfani ya ajiye shi. Wurin da babban yatsan Yaya ya cinye fenti har ƙarfe ya fito yana sheƙi, ya bi da samfefa, ya shafe da sabon kore.

Suka ɗora Yaya a kujera. Hannun hagu ya tafi neman waifa, ya tarar da ƙarfe sumul. Ya lalubi ƙusa, babu. Ya murɗa makulli, ya ɗaga yatsa zai ƙwanƙwasa, allura ta riga shi tashi. Yatsan ya tsaya a sama.

"Na gyara, Yaya," in ji Mai Agogo. "Ka gani? Na gyara."

Yaya ya janye hannuwansa ya ɗora a cinya. "Ku sauke ni. Motar mutane ce, kada mai ita ya zo."

Kai, abin da Mai Agogo bai yi ba daga baya! Shi da ba ya barin ko ƙura a aiki, ya mai da makunnin waifa hagu, ya lanƙwasa wata ƙusa, ya kankare fentin da hannunsa, ya ɗiga wa allurar maiƙo don ta riƙa maƙalewa. Yana yi yana kuka, ba kunya. Yaya ya ƙi ko kusantar motar. An lallaɓa, an roƙa, ya ce shi ba ɓarawo ba ne.

Har yau Mai Agogo yana zuwa duk ƙarshen mako, sai dai ya daina ɗauko batir. Yakan zauna a bakin gado ya yanke wa Yaya farce, 'yar na tsaye a ƙofa, ba ta taɓa ce masa ai na gaya maka ba, kuma da ta faɗa da ya fi masa sauƙi. Rannan Yaya ya ƙura masa ido, ya daɗe. Sannan ya kama hannunsa a hankali.

"Malam, kana da kirki. Don Allah in ka ga ƙanena, ka ce ina nemansa. Ya daɗe bai zo ba."