Gumbar Bagayi

Har na haura shekara arba'in ina riƙe da imanin cewa tsiron da babu mai kwaɗayinsa ba ya ɓacewa. Maɗaci da ƙirya da marke nake ji wa tsoro, domin masu katako da masu gawayi suna bin su. Amma anza da ciciwa da haujeri da bagayi, waɗanda masana tsirrai suka haɗa a dangi ɗaya, kuma waɗanda a kansu na yi karatuna na jami'a, ban taɓa sa su cikin abin damuwa ba. Ba su da gangar jikin da za a yanka, fari ba ya kashe su, kasuwa ba ta san da zamansu ba. Haka nake gaya wa ɗalibaina, cikin natsuwar wanda bai taɓa tsammanin za a ƙaryata shi ba.

Wannan tabbaci ba daga littafi na samo shi ba, daga ƙuruciyata ne. A ƙauyenmu, da ke gefen hanyar da ta tashi daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, kusan kowace gona tana da surinta. Idan mai karatu ya tashi a karkara ya san tudun nan na jar ƙasa da gara take ginawa. A wurinmu ba a rushe suri, ba a kuma sare abin da ya tsiro a kansa. Mai huɗa da shanu yakan karkatar da garmarsa ya kewaye shi, kunya ta lanƙwashe, babu wanda zai ce aikinsa bai yi kyau ba. A kan waɗannan tuddai ne dangin bagayi suke zama. Da bazara, lokacin da daji ya ƙone ƙurmus, ƙasa tana gasa tafin ƙafa, idan ka hango kore daga nesa to suri ne.

A irin wannan lokaci kakata, mahaifiyar babanmu, takan ɗauki ƙwarya ta ce in bi ta. Ganyen bagayi ƙanana ne, masu toka-toka kamar an barbaɗa musu gari, kuma yawanci sai an ratsa ƙayar haujeri kafin a kai gare su. Ranar da ƙaya ta kama ni na fashe da kuka, Kaka ko juyowa ba ta yi ba.

"Wannan miji nawa rago ne," in ji ta. "Gobe zan kai ƙararka wurin alƙali, in auri ƙanenka."

Idan mun dawo, Inna, mahaifiyata, wadda a lokacin take matashiya, ita ke daka. Ana surfa gero, a wanke, a haɗa da ganyen a turmi har su zama ɗaya, sannan a dunƙula. Gumbar takan fito da launin ƙasa, da wani ɗaci-ɗaci da ke juyewa zaƙi bayan an haɗiye. Ƙanshinta kamar na ɗanyar ciyawa ne da aka murza a hannu. Ba abincin alfahari ba ne. Abincin lokacin da rumbu ya fara nuna ƙasansa ne, kuma yana riƙe ciki.

Akwai ƙa'ida guda da ba a karya ta. Ganyen suri na kowa ne, ba a neman izinin tsinka, amma dunƙulen farko na mai gonar ne, sai an aika masa. Kuma kafin kowa ya kai hannu baki, babbar mace a gidan takan tambaya, "Surin wa ne?" A faɗi sunansa, ta sa masa albarka, a ce amin, sannan a ci. Ina yaro na ɗauka ɓata lokaci ne kawai tsakanina da abinci.

Kaka ta rasu, Baba ya bi ta, ni kuma karatu ya kai ni birni, aikin koyarwa ya riƙe ni a can. Samfuran da na tsinko ina matashi suna nan a ɗakin adana busassun tsirrai na sashenmu, a manne a takardu, an shafe su da guba don kada ƙwari su ci. Daga cikinsu nake koyarwa. Sai 'yan shekarun nan ne ni da ɗalibaina muka ƙudura sake bin ƙasar Birnin Kudu da Gwaram domin mu ga inda kowane ɗan dangin yake a yanzu. Ba mu kai ga fara fita ba ƙanena, wanda ke zaune da Inna a ƙauye, ya kira ni ya ce jikinta ya yi tsanani.

Na tarar ta rame ƙwarai. Likita ya ce magani ya yi iyakar abin da zai yi, abin da ya rage shi ne a samu ta riƙa cin abinci, in ba haka ba ƙarfinta zai ci gaba da zubewa. Kunu, fura, romo, duk ta kawar da kai. Da na matsa mata da tambayar abin da ranta yake so, sai ta ce, "Da za a samu gumbar bagayi."

Na tuna har dariya na yi don jin sauƙi. A cikin duk abin da uwa za ta roƙa, ta roƙi wanda ɗanta ya fi kowa sanin inda yake.

Gonarmu ta gado na fara zuwa. Fili ne shimfiɗaɗɗe daga wannan iyaka zuwa waccan, kunyoyi miƙaƙƙu kamar an ja su da igiya.

"Yaya, mai tarakta ba ya kewaye," in ji ƙanena. "Ya ce ko a baje surin ko ya wuce gonar wani. Abin da ya sake tohowa kuma feshi ya gama da shi."

Ban ga laifinsa ba, kuma har yau ban gani ba. Yana da iyali, damina kuma ba ta jira. Na hau babur na bi gonakin maƙwabta, na zarce wajen Fagam, na karkata zuwa Basirka. Ko'ina labarin ɗaya ne. Dattawa sukan yi murmushi idan na ambaci sunan, su nuna mini wani fili su ce a nan yake a da. Matasa kuwa sai su tambaye ni ko maganin wani ciwo ne.

A ɓangaren Dingaya, bayan wani ƙaramin ƙauye, na hango kore a tsakiyar busasshiyar ƙasa. Suri ne babba, haujeri ya lulluɓe shi, ciciwa a gefe, bagayi ya yi cunkus kamar na zamanin kakata. Sai da na matso na ga shingen ƙaya da jerin tuddai masu tsawon mutum. Maƙabartar ƙauyen ce, wuri ɗaya tilo da tarakta da feshi ba sa shiga.

Wani dattijo yana gyaran shingen. Bayan mun gaisa na faɗa masa buƙatata.

"Allah ya ba ta lafiya, Malam," ya ce. "Ni ba zan hana ka ba, ba gonata ba ce. Amma ka sani, abin da ya sha daga wannan ƙasa mu ba ma kai shi baki."

Na sani. A garinmu ma ko magaryar maƙabarta yaro ba ya tsinka. Na tsaya ina jayayya da kaina: ilimina bai nuna mini wata cuta a cikin ganyen ba, ban kuma san wani hukunci da ya haramta ba. Na yi wa mamatan sallama, na cika aljihun rigata.

Matar ƙanena ce ta daka, Inna tana ba ta umarni daga kan tabarma, tana faɗa mata ta ƙara gero, ta daina gaggawa. Da ƙanshin ya tashi sai Inna ta ce a tayar da ita zaune. Rabon da in ga idonta da haske haka har na manta. Aka ajiye mata dunƙule a faifai, ta ɗauka, ta shinshina, ta dube ni.

"Surin wa ne? A ware masa nasa."

A kan hanya na tanadi sunan wani manomi da zan faɗa. Amma a wannan lokacin na ga abin da zai biyo baya: za ta ɗaga hannu ta sa wa mutumin albarka, mu ce amin a kan ƙarya, a kuma aika masa dunƙulen abin da bai san da shi ba. Bakina ya ƙi. Na gaya mata gaskiya.

Ba ta yi faɗa ba. Ta mayar da dunƙulen kan faifai a hankali, ta goge yatsunta da gefen zani, ta ɗaga hannu ta roƙa wa masu surin gafara da rahama. Muka ce amin.

"Ɗauke, ɗana," ta ce. "Can zan je. Ba sai sun aiko mini ba."

Da muka fito zaure ƙanena ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Yaya, da ka ambaci sunan kowa ma, da ta ci." Har yanzu ina auna abin, ban kuma san ko gaskiyar da na faɗa don ita na faɗe ta ba, ko don kaina.

Na sake fita neman wani surin a cikin gonar mai rai, ban samu ba. Inna ta rasu kafin ruwan farko ya sauka.

Da damina ta wuce muka fara binciken. Yanzu idan na isa ƙauye da ɗalibaina neman dangin bagayi, ba ma tsayawa a gonaki. Hanyar maƙabarta muke tambaya.