Ulu a Cikin Ƙararrawa

Mi Ersa ya gaji dawakai kamar yadda wasu ke gadon gona. Mahaifinsa fataucin shayi da gishiri ya yi a bayan doki, daga garin Songpan zuwa rugagen makiyaya. Da hanyar mota ta iso, fataucin ya mutu, abin da ya rage wa ɗan shi ne ɗaukar baƙi. Daga narkewar ƙanƙara zuwa dawowarta, yakan ɗora 'yan birni a sirdi ya hau da su, su sauka a zangon da ke gindin babban dutse. Ya kafa musu tanti, ya shimfiɗa rassa a ƙarƙashin barguna don sanyin ƙasa, ya gasa gurasa a tukunya, ya dafa dankali da kabeji. Ba mai yawan magana ba ne. In lokacin salla ya yi, sai ya fasa ƙanƙarar bakin rafi ya yi alwala, ya shimfiɗa bargon sirdi a bayan tanti.

A zangon ba a ɗaure doki, don ba wanda zai hau da harawa har can. Da yamma a sauke kaya, a sake su su bi gangare suna kiwo har safe. Ƙararrawa ɗaya ake ratayawa a wuyan babbar goɗiya, inda ta nufa nan sauran ke bi. Ta Ersa sunanta Toka. A hannunsa aka haife ta, kuma tun tana ƙarama ya koya mata abu guda: in ya yi fito, ta kaɗa kai, ƙararrawa ta amsa masa. Ko hazo ya rufe dutsen, da fito biyu ya san inda dawakansa suke.

Gonpo, ɗan Tibet ɗin da suke aiki tare, ba ya gajiya da tsokanarsa.

"Mai gemu, goɗiyar nan ta fi matarka jin maganarka."

"Mairyan ba ta bukatar ƙararrawa," in ji Ersa. "Daga bayan gari ake jiyo ta."

"Zan gaya mata."

"Gaya mata, ka ga wanda zai ƙara ba ka taliya."

Haka suka yi shekaru. Gemun Ersa ya yi fari, bayan Toka ya ɗan lotsa, amma ƙafarta ba ta taɓa zamewa da baƙo ba.

A wata kaka suka hau da wani mutumin birnin Chengdu da matarsa. Kashegarin kwanan farko mutumin ya fito daga tanti ido jawur, ya tsaya a kan Ersa da ke hura wuta.

"Tsoho, shirun dutse muka zo ji, ba kiɗan ƙarfe ba. Ban runtsa ba. In aka sake yau, wanda ya haɗa mu da kai zai ji labari."

Ersa ya ba shi haƙuri, ya miƙa masa shayi. Ya san mai raba musu baƙi a gari ba ya tambayar ba'asi. Wanda aka kai ƙararsa, sai ya zauna a gida yana kallon wasu suna wucewa. Ga hunturu na tafe, kuma abin da aka samu a kaka shi ake ci har bazara.

Da yamma, bayan an sauke sirdi, ya cizgi ulu daga shimfiɗar sirdin ya cusa a cikin ƙararrawar, ya danna da ɗan yatsa har harshenta ya daina motsi. Toka ta kaɗa kai, ba ta ji komai ba, ta sake kaɗawa, ta dube shi.

Gonpo ya ajiye itacen da ya ɗauko. "Kai, toshe mata baki ka yi? In hazo ya sauko fa?"

"Kwana ɗaya ne. Dubi sama, garau take."

"Dutsen nan bai taɓa yi wa kowa alkawari ba, mai gemu."

Gari ya waye da hazo, mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Sauran dawakan suka gangaro da kansu, suka tsaya bakin rafi kai a sunkuye. Babu Toka.

Ersa ya shiga hazon yana fito. Ya tsaya, ya kasa kunne. Sai ɗigar ruwa daga rassa. Gonpo ya sauka da baƙin, mutumin Chengdu har yana cewa ai ya yi barci mai daɗi. Ersa ya zauna a dutsen shi kaɗai. Ya bi gangaren gabas, ya bi na yamma, ya hau har inda ciyawa ke ƙarewa. Ya yi fito har leɓensa ya tsage. Doki ba akuya ba ne, ba ya ihu in yana cikin ciwo, shi ya sa ake rataya masa ƙararrawa. Guzurin da ya ɗauko ya ƙare, hazon bai ɗaga ba, dole ya sauka.

Da sama ta buɗe ya komo, ungulaye ne suka nuna masa wurin. Wani siririn kwazazzabo ne a bayan zangon, kusa har mutum ya ji ƙamshin hayaƙin murhu. Ƙafar Toka ta baya ta maƙale tsakanin duwatsu biyu. A bakin kwazazzabon ga sawun takalminsa nan, na zuwa da na dawowa, birjik a kan laka. Inda kanta ya kwanta kuwa, gansakukar ta goge har ƙasa ta fito, igiyar ƙararrawar ta cinye gashin wuyanta. Duk fiton da ya yi ta ji. Duk ta amsa.

Ya kwance ƙararrawar ya sa a ƙirji, ya jera duwatsu a kan abin da ya rage.

A gida Mairyan ta ajiye masa taliya, ta huce bai taɓa ba.

"Baban Yunusi, ƙaddara ce. Abin da Allah ya rubuta ba ya gogewa. Ci abinci."

"Ƙaddara ce," in ji shi. "Amma da ɗan yatsana ta zo."

Dawakan da suka rage ba su ƙara haɗa kai ba. In an sake su, kowa ya kama gabansa, sai rana ta ɗaga kafin a tattaro su, baƙi suna jira suna tsaki. Mai raba baƙi ya fara tsallake sunansa. Kafin wata kakar ya sayar da su.

Gonpo ya taɓa jawo masa wata ƙaramar goɗiya har ƙofar gida. "Karɓi, tsoho mai taurin kai, ka koya mata fiton nan naka mai kama da kukan buta." Ersa ya shafa wuyanta, ya daɗe yana shafawa, sannan ya mayar masa da ragamar.

Yanzu yana zaune a inda dawakai ke tashi, da ɗan murhun gwangwani, yana gasa wa baƙi dankali. In ayari ya wuce da ƙararrawa, yakan sunkuya ya juya dankalin da bai isa juyawa ba. Ba a ƙara jin ya yi fito ba, ko ga kaza.

Ƙararrawar na rataye a bayan ƙofar ɗakinsu. Ran nan Mairyan tana shara ta sa tsinke za ta zaro ulun, ya riƙe mata hannu.

"Bar shi," in ji shi. "Wa zai amsa?"