Neman Makarantar da Za a Jira Ɗana Ya Gama Magana

Mun tashi da asuba daga Jega, ni da ɗana na fari, a wata tsohuwar fijo wadda sai an tura take tashi. Ba yawon buɗe ido ya fitar da mu ba. Yaron nan yana da in'ina tun yana ƙarami. Bara ya shiga kwaleji a wani babban birni, bai cika zango ɗaya ba ya dawo gida da akwatinsa, don 'yan ajinsu sun mai da shi abin kwaikwayo. Tun daga nan ya shige ɗaki, ko shagona ya daina zuwa. Bana ya samu gurbi a wuri biyu, ɗaya kusa da gida, ɗaya a kwalejin aikin gona da ke Zuru. Ni na kusa nake so. Shi kuwa ya ce ba zai sake shiga wata makaranta ba sai ya ga mutanen cikinta da idonsa.

Har Koko tafiya lafiya lau. Daga inda muka karya kwana muka nufi gabas, sai hanya ta zama ramuka da ɗan kwalta a tsakaninsu. An cusa mu a kujerar tsakiya, gwiwata a haƙarƙarin wani mai sayar da albasa, kwandon kajin wata tsohuwa a kan ƙafata. Taya ta yi faci kafin Mahuta. Muka zauna a gindin ɗorawa muka ci rogo da ƙuli, wanda ya fi na gida arha amma ya fi shi ɗaci. Na ɗaga wayar salula sama ko za ta kama in gaya wa uwarsa muna raye, ta ƙi.

Sai bayan azahar muka hango duwatsun Zuru da gonakin dawa. Ɗan kabu-kabu ya kwashe mu mu biyu zuwa kwalejin. Ni ofisoshi da azuzuwa nake son gani, shi kuwa ya ja ni rumfar da ɗalibai ke cin abinci. Wata mata 'yar ƙabilar Ibo ce mai wurin. Benci cike da samari, wasu sun fito masallaci, wasu da gicciye a wuya, ana Hausa ana sirkawa da Dakarci, kowa da irin karin harshensa.

Matar ta tambayi ɗana me zai ci. Ya kama kalmar shinkafa, ta maƙale. Na buɗe baki zan ƙarasa masa, sai ta ɗaga ludayi.

"Baba, bar shi. Ni ma Hausa ya daɗe kafin ya zo bakina."

Ta tsaya har ya gama. Na saci kallon bencin, ba wanda ya ɗago kai daga kwanonsa.

Can ɗana ya juya ga na kusa da shi, wani dogon saurayi ɗan Ribah, ya tambaye shi ko a nan ana yi wa mutum dariya.

"Sosai ma," in ji saurayin. "In bijimin sa ya kore ka a gonar makaranta, sai mu yi mako muna yi. Amma magana? Wa ke da Hausar da zai yi wa wani dariya a nan?"

Ban ba da kai nan take ba. Na zaga da shi ɗakin kwanan ɗalibai, na nuna masa cunkoson gadaje, da layin bokitai a bakin famfo, da fitilun ƙwai da ke cewa wuta baƙuwa ce. Ya kalla kawai. Muka kwana a wani masauki kusa da tasha, sauro ya yi walima da mu, bayana kamar an daka.

Da safe muna shan koko ya ce, "Baba, nan ni ka zama." Maganar ta ɗauki lokaci, ban katse shi ba.

Dawowa ta fi zuwa wuya, don ruwa ya sauka, motar ta kafe a laka, har da ni a masu turi. Mun shiga gida gab da magariba. Uwarsa ta tare ni tun a zaure: akwai ruwa? Na ce da layi. Wuta fa? Na ce sai an yi sa'a. Ta ce, "To mi ag garai can?" Kafin in amsa, yaron ya zauna a tabarma ya fara ba ta labari da kansa, yana tsayawa yana ci gaba, har tuwo ya huce.

Abin da na koyo ɗan kaɗan ne. Mu iyaye gini muke dubawa da nisan hanya, mai zama a wurin kuwa mutane yake dubawa. Raina bai so nisan ba, har yanzu ma bai so. Amma jiya na ga uwar ta shanya barkono a tsakar gida, za ta daka masa yajin tafiya.