Maganar da na yi daga bayan zana

Shekarar da naira ta faɗi, maigidana ya dawo daga cin rani a Najeriya tun rani bai ƙare ba, da damin kuɗi yana ta fara'a. Da ya kai su garin Ɗan Issa wajen 'yan canji, sai ya komo da 'yan takardun sefa da ba su cika tafin hannu ba. Ya je ya zauna a gindin rumbu. Ni kuwa na san abin da ke kanmu.

Da daminar baya, lokacin da rumbu ya ƙare, ya ci bashin gero wajen wani Alhaji mai sayar da hatsi a kasuwarmu ta Madarumfa. Da sefa aka yi lissafi, aka ce in ya dawo daga Najeriya zai biya gaba ɗaya. Abin da ya kawo ko rabi bai kai ba. Kowa ya san halin Alhaji: in ka kasa biya sai ya karɓi gona jingina, kuma ban taɓa ganin gonar da ta shiga hannunsa ta fito ba. Mu ba mu da abin jinginarwa sai garkarmu ta bakin tabki, inda nake noman tumatir da albasa. Da ita muke cefane, da ita yara ke zuwa lakwal, wato makarantar boko. Kwanakin nan ko babur na ji ya tsaya a ƙofar gida sai in zaci Alhaji ne.

Kawun maigida, dattijo mai sanyin baki, shi ya roƙi Alhaji ya zo a zauna. Bayan la'asar suka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Mace ba ta zama a irin wannan wuri, don haka na ɗauki faifai na tsuguna a bayan zana kamar mai tsintar wake. Na kasa kunne.

Kawu ya daɗe yana lallashi kafin Alhaji ya ce, "To, don girmanka na yarda a biya kaɗan-kaɗan. Dala ɗari biyar ta sefa kowace ranar kasuwa. Amma in anka tsallake kasuwa biyu, garka ta zama tawa har a gama."

Tun bai rufe baki ba maigida ya ce, "Na yarda, Alhaji. Na gode."

Lokacin rani ne, garka cike take, dala ɗari biyar ba ta gagara. Amma da ruwa ya sauka tabki yake tasowa ya haɗiye garkar, ba ma sake ganin ƙasarta sai bayan kaka. Daga ina kuɗin zai fito a lokacin? Duk su ukun sun san haka, Alhaji ma ya fi kowa sani. Maigida kunya ce ta kama shi, don a wajenmu namiji ba ya cewa ba zai iya ba a gaban maza.

Na ji Kawu yana cewa a ɗaga hannu. In aka shafa fatiha magana ta ƙare, ba mai tayar da ita.

"Kawu, ku yi mani haƙuri," na ce, muryata kamar ba tawa ba. "Kada a shahwa hwatiha tukuna."

Alhaji ya ce, "Wa ke magana nan?"

"Matar gida ce," in ji Kawu. "Hwaɗi, ɗiyata, muna ji."

Na ce da damina garka tana ƙarƙashin ruwa. Na roƙi a ƙara mana da rani, mu ba da dala ɗari shida, da damina kuma a bar mu a dala ɗari, wadda zan iya fitarwa daga suyar kifi. Ina magana ina jiran Alhaji ya tashi ya kaɗe rigarsa, shi ke nan na jawo mana asarar da nake gudu.

Dariya ya yi, irin wadda ba ta da daɗin ji. Ya ce wa maigida, "Malam, ashe kana da mai lissahi cikin gida ka bari muna ta wahala da kai?" Ya yarda, bayan ya ɗora wani abu a kan bashin saboda lokacin zai yi tsawo. Aka shafa fatiha.

Da maigida ya shigo bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya tsaya a kaina ya ce, "A gaban mutane." Kafin kasuwa ta zagayo labari ya gama gari. A tasha abokansa suna tsokanarsa, wai ya tambayo izini a gida kafin ya sayi goro.

Da hadarin farko ya taso, lokacin da maza ke dawowa shuka, shi sai ya ɗaure kayansa ya nufi Najeriya. Ni na ci gaba da kai wa Alhaji kuɗinsa, ban tsallake kasuwa ko ɗaya ba, har na gama. Garka tana nan, bana ma albasa ta yi kyau. Maigida yakan aiko da 'yan kuɗi, in ya kira waya yakan tambayi yara. Har yau bai tambaye ni garka ba, kuma bai ce ga ranar da zai dawo ba.