Shekarar da Malam Ya Riƙe Mini Rubutu

Ni mutum ne mai zargi, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Mahaifiyata takan ce ko fura aka miƙo mini sai na leƙa gindin ƙwarya kafin in sha. Amma duk zarge-zargen da na yi a duniya, babu wanda ya kai wanda na yi wa malamina a shekarar da na gama rubuta Alƙur'ani da ka.

A lokacin ba a san Nasara a ƙasar nan ba. Dakoro 'yan gidaje ne da rijiya mai zurfi, tsangayarmu kuma tana gabas da rijiyar, bukkokin kara a kan tudun rairayi. Ni gardi ne, gemu ya fito, hadda ta zauna. Abin da ya rage mini shi ne in rubuta Littafin duka a takarda ba tare da na dubi wani ba, sannan a kira alarammomi su duba rubutun, su yi mini tambayoyi a gaban jama'a. In na tsallake, a kira ni alaramma, in koma gida.

Komawa gidan ita ce damuwata. Mahaifina manomi ne a wani ƙauye kusa da Kornaka, bai yi karatu ba, kuma ya tsufa ƙwarai. Bijiminsa ya sayar ya saya mini takarda daga ayarin Azbinawa, irin mai alamar jinjirin wata guda uku idan an ɗaga ta ga rana. Ranar da ya kawo ta ya ce mini ba ya neman komai a duniya sai ya ji an kira ɗansa alaramma, ya taɓa gafakar Littafin da hannunsa.

Na rubuta. Na dafa tawadar bagaruwa da kashin maƙera na yi baƙin, na dawo na bi wasulla da ja, na sake dawowa da rawaya. Bayana ya ƙage, yatsana ya yi kanta. Da kaka na kai ƙarshe, na jera warƙoƙin a gafakar fata, na ɗaure, na kai wa Malam a zaurensa. Al'adar ita ce malaminka ya fara dubawa warƙa-warƙa, domin idon marubuci ba ya ganin kuskuren kansa. Gafaka ba ta komawa hannunka sai ranar taro, ranar da babban mai dubawa zai tambayi malaminka ko ya duba, shi kuma ya amsa.

Alarammomin da ake kira suna cin rani a Birnin Lalle. Da zarar hadarin farko ya taso sai su watse, kowa ya tafi gonarsa, sai kuma baɗi. Ke nan rani guda nake da shi, kuma Malam ya san haka.

Sanyi ya shiga ya fita. Duk lokacin da na durƙusa na tambaya, amsa ɗaya ce.

"Ana nan ana dubawa. Mi kake ma gaggawa?"

Akwai abokina, gardi daga garin Mai Yara, mai ɗingishi da dogon wuya da bakin tsiya. Shi ya fara zuba mini gishiri a miki.

"Kai dai wawa na," in ji shi. "In ka tahi, wa za shi nome gonar Malam? Ni, da ƙahwar nan tawa?"

Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Gaskiya ce, duk tsangayar babu mai riƙe hauya kamata. Sai na fara tuna wasu abubuwa. Malam ya daina ɗaukar allon kowa ya duba, sai ya kishingiɗa a kan buzunsa ya ce ka karanto masa abin da ka rubuta. Na ce tsufa ne ya zo masa da lalaci da jin kai. Sai kuma wani Ba'azbine mai fataucin gishiri ya fara yawan zuwa zauren, suna shan fura suna magana ƙasa-ƙasa. Kowa ya san rubutaccen Alƙur'ani mai kyau yakan tashi kuɗin raƙumi a arewa. Na ce to, ashe ba gona kaɗai ba ce, rubutun nawa ma an yi masa ciniki.

Wata rana da hantsi Malam ya tafi jana'iza. Na shiga zauren, na sauke gafakar daga maratayi. Warƙoƙin suna nan cif. Na sake ɗaure igiyar da irin ƙullin da muke yi wa taiki a garinmu, na mayar. Bayan kwanaki na leƙa, ƙullin ya canza. Na sake, ya sake canzawa. Ke nan ana buɗewa. To in ana buɗewa kullum, me ya hana a gama?

Sai na yi wata dabara. Na zare warƙa ɗaya daga inda ya sa kara ya yi alama, na sa wata a madadinta wadda na rubuta da baƙi zalla, babu wasali ko ɗaya. Ko yaron da ya fara babbaƙu jiya zai gan ta daga nesa. Na jira har karan alamar ya wuce ta, sannan na je na gaishe shi, na tambaya ko ya ga wani abin gyara a wannan izu.

"Babu," in ji shi. "Hannunka ya yi kyau nan."

Na fita a fusace. Na samu dama na mayar da warƙar asali, amma daga ranar na yanke hukunci: mutumin nan ba ya karantawa, juya takardu kawai yake yi don a ce yana yi. Na gaya wa abokina. Ya kama haɓa.

"To ai wanga ya hi muni. So shikai a iske kuskure gaban mutane, a ce ka sake. Ka ga ya samu manomi, kuma ba a ce shi ya hana ka ba."

Zafi ya tsananta, bazara ta kawo kai. A lokacin ne wana ya zo a kan jaki. Bai ko sha ruwa ba ya ce tsoho ya daina fita gona, ƙafafunsa sun kumbura, kullum tambayarsa ko an yi taron. Na tashi daga nan na tafi zaure, na durƙusa, na yi wa Malam maganar da ban taɓa yi masa ba.

"Allah shi gahwarta Malam, tsohona ba shi da lahiya. In an duba, a kirawo su. In ba a duba ba, a hwaɗa mini."

Malam ya ɗora gafakar a cinyarsa. Yana ta shafa bakinta da babban yatsa.

"An duba," in ji shi. "A aika Birnin Lalle."

Kwanakin da suka biyo baya a gindin wata aduwa na yi su, nesa da bukkoki. Abokina yakan ja mini baki, wato ya faɗi kalmomin farko na aya daga duk inda ya ga dama, ni kuma in ɗauka in zarce. Ya tambaye ni ayoyin da suka yi kama da juna, wace tana ina, me ya bambanta su. Nan ne ramin da masu hadda suke faɗawa: kana tafiya a sura ɗaya, sai harshe ya zame ya koma 'yar'uwar ayar a wata sura, ka yi ta tafiya ba ka sani ba. Baki dai na shirya shi. Takardar ce ba ni da iko da ita, kuma ita ce take hana ni cin tuwo.

Ranar taro aka kafa rumfar zana a ƙofar zaure. Alarammomin suka zo a kan jakuna, babbansu wani gwani ne ɗan ƙaramin tsoho, haƙoransa ja wur da goro, ba ya murmushi. A ƙa'ida mai rubutu a tsakiya yake zama shi kaɗai. Amma ina shirin zama sai Malam ya kama rigata ya ce in zauna kusa da shi, ta damansa. Na ce a raina, wato yana son ya ji faɗuwata da kyau.

Gwani ya dubi Malam. "Ka duba?"

"Na duba."

Aka fara da baki. Suka ja mini daga gaba, suka ja daga baya, suka jefo mini masu kama da juna. Ban yi tuntuɓe ba. Har na ji wani daga cikinsu ya ce madalla. Sannan aka kwance gafaka, aka raba warƙoƙi, kowa ya duƙufa. Suka samu ƙananan abubuwa, wasali nan, ɗigo can, irin waɗanda ake kankarewa da aska a gyara a wurin. Zuciyata ta fara kwanciya, har na fara tunanin hanyar Kornaka.

Bayan azahar sai gwani ya tsaya a kan wata warƙa. Ya karanta, ya sake karantawa. Abin da nake tsoro ne ya faru, amma a hannu: alƙalamina ya zame daga aya zuwa 'yar'uwarta, na rubuta layuka da dama na wata sura kafin in dawo hanya. Wannan ma ana gyarawa, a sake warƙar a wuce, kuma laifin marubuci a ciki kaɗan ne. Wanda ake kallo shi ne wanda ya ce ya duba.

Gwani bai dube ni ba. Ya miƙa wa Malam warƙar.

"Malam, karanta muna abin da ke rubuce nan."

Malam ya karɓa. Ya kai ta nesa, ya kawo ta kusa, ya karkata ta wajen hasken bakin rumfa. Na ga yatsansa ya sauka a gefen takardar, inda babu rubutu. Sai ya sunkuyo kamar zai gyara zama, bakinsa kusa da kafaɗata, ya ce da muryar da ni kaɗai na ji:

"Ja mini baki."

Mai takarda a hannu ba ya neman a ja masa baki. Nan take na gane. Yana ganin mutum, yana ganin hanya, amma harafi ya ɓace masa, wa ya san tun yaushe. Kullum yana kwance gafakar nan yana juya warƙoƙi ko Allah zai sa ya gani. Malamin da ba ya iya duba allo kuwa, gardawa ba sa kwana a wurinsa. Kuma na gane wani abu: ko na ja masa bakin, daidai zai karanta daga kansa, ba kuskuren da ke takardar ba, kowa a rumfar ya san abin da ake ciki.

In na yi shiru, na tsallake. A gyara warƙa, a yi addu'a, jibi ina gaban mahaifina. Wallahi na so in yi shiru, kuma ina jin haushinsa a lokacin fiye da kullum.

"Allah shi gahwarta Gwani," na ji bakina yana cewa, "ni na taɓa gahwakar bayan na ba Malam. Na shiga zaure ba shi nan, na zare warƙa na maida, bai sani ba."

Ban yi ƙarya ba. Na dai bar su suka ɗauka wannan warƙar nake nufi. Gwani ya karɓe takardar daga hannun Malam, ya dube ni tun daga hula har ƙafa.

"To dubawar malaminka ta ɓaci. Rubutun da anka sa ma hannu bayan dubawa, sai a koma hwarko. Mu haɗu baɗi, in da rai."

Suka tattara, suka hau jakunansu. Abokina ya bi ni bayan bukka yana zagina, wai me ya kai ni tona wa kaina asiri. Dalilin kuwa, bai taɓa saninsa ba. Kafin mako ya zagayo hadari ya taso daga gabas.

Da yammacin ranar taron Malam ya kira ni zaure. Na ɗauka zai yi maganar idonsa, ko ya gode, ko ya ba ni haƙuri. Bai yi ko ɗaya ba.

"Daga gobe kai za ka riƙa duba alluna," in ji shi. "Kahin su kawo mini. Ka zamna nan ta damana."

Ya faɗe ta a tsare, kamar maganar da aka daɗe da shiryawa. Shi ya sa har yau, da nake da furfura da tawa tsangayar, ban daina juya abin ba. Tsoro ne ya sa ya jawo ni kusa da shi ranar nan, ko kuwa ya auna ni ne tun da wuri, ya san abin da zan yi in ya raɗa mini? Wani lokaci in ce tsoho ne da duhu ya rufe shi ya kama rigar da ta fi kusa. Wani lokaci in ce ya san ni fiye da yadda na san kaina, ya yi amfani da ni.

Na roƙi izini na je gida da damina. Mahaifina yana kwance. Ya tambaye ni ina gafakar, na ce tana wurin Malam, sai baɗi. Ya ce to, Allah ya kai mu, ya juya fuskarsa ga bango. Da kaka ya rasu.

Baɗin aka sake zama, na tsallake, aka kira ni alaramma. Malam ya miƙo mini gafakar da hannu biyu yana hawaye, mutane suna cewa dubi yadda yake son yaron nan. Na karɓa, na rataya, na tsaya a bakin rumfa ina duban hanyar Kornaka, ban san wa zan kai wa ba.